Fam Biyu a Rana: Yadda Kuɗin Yawon Layi Ya Dawo wa 'Yan Birtaniya

Tsakanin 15 ga Yunin 2017 da daren 31 ga Disambar 2020, mutumin Landan da ya sauka a filin jirgin Malaga ko na Roma ba ya ko tunanin wayarsa. Kunnawa kawai zai yi, ta kama sabis ɗin wani kamfani na ƙasar, ya kira gida ya ce ya sauka lafiya, ya buɗe taswira ya nemi masaukinsa, duk a cire daga mintuna da datar da ya riga ya biya a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana a caje shi ƙari. Yau in ya yi haka, abin da zai tarar ya danganta da kamfanin da yake kai, da irin tsarin da ya saya, har ma da ranar da ya sa hannu a kwantiragi. Wani ba za a taɓa masa ko kwabo ba. Na kusa da shi a kujerar jirgi kuwa za a riƙa yankar masa fam biyu da 'yan kai kowace rana har ya koma gida. Iyali mai mutum huɗu da suka yi hutun mako biyu, in aka buga lissafin a kan fam 2, fam 112 ke nan a kan waya kaɗai.

Kuɗin bai kai ya karya mutum ba, kuma in ana lissafa abubuwan da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta taɓa, wannan yana can ƙasa, bayan kwastan da kifi da takardun ma'aikata. Sai dai shi ne wanda kowa ke riƙe da shi a tafin hannu, shi ya sa ya fi sauran nuna yadda dokar ƙungiyar ƙasashe ke aiki da yadda take warwarewa. Abubuwa biyu ne suka cuɗe a cikin maganar, kuma masu gardama kan ficewar ba su cika son a raba su ba: akwai abin da dole ne Birtaniya ta rasa da zarar ta fita, akwai kuma abin da ke hannunta amma ta sake shi ya faɗi.

Layin waya ba ya aiki sai da ƙarfen sabis, kamfanin Birtaniya irin EE ko Three kuwa ba shi da ƙarfe ko ɗaya a Sifaniya. Da zarar wayar baƙo ta shiga ƙasar, sai ta nemi masauki wurin kamfanin da ke da ƙarafuna a wurin. Mai masaukin ya tuntuɓi kamfanin gida ya tabbatar layin na gaskiya ne, sannan ya ɗauki kira da data a kan na'urorinsa, ya rubuta duk abin da baƙon ya ci, ya aika wa kamfanin gida takardar bashi. Shi ne abin da ma'abota waya ke ce wa romin. Mu kira shi yawon layi. Ciniki biyu ne a cikinsa. Akwai na sari, tsakanin kamfani da kamfani, wanda mai waya ba ya gani. Akwai kuma na kiri, wato abin da kamfanin gida ke cajin mai layi. Wanda ya taɓa zaman kasuwa ya san ɗan kiri ba ya sayarwa ƙasa da yadda ya saro, sai in yana da inda zai fanshe.

Tsawon shekaru wannan ciniki ya kasance saniyar tatsa, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Mutum yana zaɓar layi ne don abin da zai yi da shi a gida wata goma sha ɗaya da rabi. Ba ya tambayar nawa ne minti ɗaya a Atina sai ranar da takardar kuɗi ta iso. Mai masaukin kuma ba ya jin kunyar baƙon, don ba abokin cinikinsa ba ne, gobe zai tafi. Kamfanonin biyu ma kowa baƙo ne a gidan ɗan'uwansa, saboda haka in farashin sari ya yi sama, abin da ka biya nan ka karɓo can, wanda ke ɗaukar nauyin shi ne mai waya. Hukumar sadarwa ta ƙasa ɗaya ba ta iya maganin abin. Ofcom ta Birtaniya ba ta da iko a kan kamfanin Sifaniya. Hukumar Sifaniya kuma me zai sa ta matsa wa kamfanin ƙasarta ya rage kuɗin da yake karɓa daga baƙi? Sai an sami wanda ke sama da su duka, wanda zai ɗaure hannun mai sari da na ɗan kiri a lokaci guda.

Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai, ce ta zama wannan mai iko. A 2007, lokacin da Viviane Reding ke kwamishinar harkokin sadarwa, Tarayyar ta fitar da dokar farko: kiran da matafiyi ya yi kada ya wuce santi 49 na yuro a minti, wanda ya amsa kuma santi 24, ban da haraji. A 2009 aka ƙayyade saƙon tes a santi 11. Daga 2010 aka tilasta wa kamfanoni su yanke data in kuɗinta ya kai yuro 50 a wata, sai in mai layi da bakinsa ya ce a ci gaba. A 2012 aka fara ƙayyade farashin data kanta, santi 70 a kan megabait ɗaya. A tsaya a duba wannan adadi da kyau: santi 70 a megabait yana nufin kimanin yuro 700 a kan gigabait ɗaya, kuma a lokacin sauƙi aka ɗauke shi. Zuwa 2014 ya sauko santi 20.

Kamfanonin ba su karɓi abin da hannu biyu ba. Vodafone da O2 da T-Mobile da Orange sun shigar da ƙara a babbar kotun Ingila suna cewa Tarayyar ta wuce hurumin da aka ba ta. Aka miƙa shari'ar ga Kotun Turai, ita kuma a watan Yunin 2010 ta ce dokar na nan daram. Yana da kyau a riƙe wannan, domin T-Mobile da Orange na Birtaniya su ne suka haɗe suka zama EE, wanda bayan shekara goma sha ɗaya shi ya fara sanar da dawo da cajin.

Soke cajin gaba ɗaya a 2017 bai yiwu ba sai da aka warware rigimar sari, kuma a nan aka fi kai ruwa rana. Mutanen arewacin Turai ne ke kwarara kudu neman rana, na kudu ba su cika tafiya arewa da yawa haka ba. Ƙasashen da ke karɓar 'yan hutu suna son farashin sari ya tsaya sama, don ƙarafunansu ne ke ɗaukar lodi duk bazara. Ƙasashen da ke tura matafiya, musamman inda data ke da araha kuma ake shan ta da yawa, suna son ya faɗi ƙasa. Aka daidaita a kan tsani mai saukowa: yuro 7.70 a kan gigabait daga Yunin 2017, yuro 6 a 2018, 4.50 a 2019, 3.50 a 2020, haka har 2.50 a 2022. Aka kuma sa wa mai waya tasa iyakar, don kada wani ya sayi layi mai araha a wata ƙasa ya je ya zauna da shi a wata: in aka lura wata huɗu ya fi zama a waje kuma ya fi amfani da layin a waje, kamfani na iya neman bayani ya kuma ɗora ƙaramin caji. Nowe da Iceland da Liechtenstein, waɗanda ke cikin kasuwar bai ɗaya ba tare da zama 'yan Tarayyar ba, su ma tsarin ya haɗa da su. Suwizalan ba ta ciki. Abin da ya biyo baya ya nuna yadda tsoron caji ya daɗe yana danne mutane: Hukumar Tarayyar ta ce datar da matafiya suka sha a bazarar 2019 ta ninka ta bazarar 2016 sau 17.

Abin dariya, ko na takaici, shi ne 'yan Birtaniya sun kaɗa ƙuri'ar ficewa ranar 23 ga Yunin 2016, saura shekara guda garaɓasar ta fara. Sun fita a hukumance ranar 31 ga Janairun 2020, aka ci gaba da aiki da dokokin Tarayyar har ƙarshen wannan shekara. Daga safiyar 1 ga Janairun 2021, a idon kamfanin Sifaniya ko na Girka, layin Birtaniya ya zama baƙo irin na Amurka ko na Najeriya: babu dokar da ta hana a yanka masa farashin sari yadda aka ga dama. Yarjejeniyar ciniki da aka ƙulla a jajibirin Kirsimetin 2020 ta taɓo maganar, amma taɓawa ce ta fatar baki. Ta ce ɓangarorin biyu za su yi ƙoƙarin haɗa kai don farashi ya zama a fili kuma mai ma'ana. Babu adadi a ciki, babu iyaka, babu hukunci ga wanda ya saɓa.

Wannan shi ne kashin da ba makawa sai an rasa. Majalisar Landan tana iya hana kamfanoninta cajin matafiya, amma ba ta iya hana kamfanin Madrid tsawwala musu, kuma dokar da ta ɗaure ɗan kiri ta bar mai sari a sake doka ce mai ƙafa ɗaya. Lamarin ya fi yi wa Birtaniya nauyi don ita ƙasa ce mai tura matafiya: a 2019 kaɗai mazaunanta sun kai ziyara Sifaniya sama da sau miliyan 18. Akwai kuma ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta ce rangwamen da ka yi wa ƙasa ɗaya a harkar hidima sai ka yi wa sauran, in ba a cikin cikakkiyar yarjejeniyar ciniki ka yi shi ba. Don haka ba magana ce da ministoci biyu za su gama a kan kofin shayi ba. Gurbinta na cikin babbar yarjejeniya, kuma a can aka bar ta babu haƙori.

Kafin ficewar, da kuma 'yan watanni bayanta, manyan kamfanonin huɗu, EE da O2 da Vodafone da Three, duk sun ce ba su da shirin dawo da caji. Mai kunnen kasuwa ya san "ba mu da shiri" ba alkawari ba ne. Wata shida bai cika ba EE ya sanar cewa duk wanda ya shiga ko ya sabunta kwantiragi daga 7 ga Yulin 2021 zai riƙa biyan fam 2 a rana a ƙasashe da yankuna 47 na Turai. An so farawa a Janairun 2022, aka ɗaga zuwa Maris. A watan Agusta Vodafone ya bi sahu, fam 2 shi ma, da rangwame ga wanda ya sayi tikitin kwana 8 ko 15. A Satumba Three ya zo da nasa, fam 2 a Turai, fam 5 a wasu ƙasashen waje, daga 23 ga Mayun 2022. Kamfani uku, wata uku, adadi ɗaya. Tun daga nan kuma farashin ke ɗan hawa tare da ƙarin da ake yi wa kwantiragi shekara-shekara.

Na Three ne ya fi ba ni mamaki. Tun 2013, shekara huɗu kafin doka ta tilasta wa kowa, wannan kamfani ya fara barin mutanensa su yi amfani da layinsu a wasu ƙasashe ba ƙari, yana tallar kansa da haka. Wato abin da ya iya yi don raɗin kansa lokacin da farashin sari ke sama, shi ya janye lokacin da ya ga maƙwabta sun buɗe ƙofa.

Ga hujjojin da suka bayar. EE ya ce kuɗin zai taimaka masa wajen zuba jari a sabis ɗinsa na cikin gida. Three ya yi kukan rashin tabbas kan abin da za a riƙa cajinsa a waje. Ta Vodafone ce ta fi cancanta a tsaya a kanta: ya ce ƙasa da rabin mutanensa ne suka yi tafiya da layinsu gaba da Jamhuriyar Ireland a 2019, to don me wanda bai taɓa barin gari ba zai riƙa biya wa mai zuwa hutu sau uku a shekara? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Babu abin da yake kyauta a harkar waya. In matafiyi bai biya ba, an raba kuɗin ne a kan kowa. Sai dai hujjar za ta tsaya da ƙafarta ne in da an ga kuɗin mazauna gida ya ragu bayan an ɗora wa matafiya nasu, alhali abin da masu kwantiragi suka gani a 2022 da 2023 ƙari ne mai bin tsadar rayuwa har da ɗoriya. A cikin Tarayyar ma an yi irin wannan fargaba kafin 2017, amma bitar da Hukumar ta yi a 2019 ta gano farashin gida, in aka ɗauke shi jimla, bai tashi ba.

Kwantiragin sari sirrin kasuwa ne, ba a liƙa shi a bango. Amma ana gane zurfin ruwa daga wanda ya tsallake. O2 bai dawo da caji ba. Ya sa iyakar gigabait 25 ne kawai, kuma bayan haɗewarsa da Virgin Media ya mai da wannan abin talla. Smarty, wanda a lokacin mallakin Three ne kuma a kan ƙarafunan Three yake aiki, ya ci gaba da barin mutanensa su sha har gigabait 12 a Turai ba ƙari. Gida ɗaya, sari ɗaya, farashi biyu. Shi kuwa Vodafone a 2021 yana da nasa kamfanoni a Jamus da Sifaniya da Italiya da Fotugal da Girka, inda kuɗin sarin daga aljihun dama yake fita ya shiga na hagu. A ganina ficewar ta cire shingen ne kawai. Shiga gonar kuwa shawarar kowane kamfani ce.

Me ya sa aka ce "wanda ya shiga ko ya sabunta daga rana kaza"? Saboda ƙa'idar Ofcom ta ce in kamfani ya sauya sharaɗin kwantiragi ta yadda zai cutar da mai layi, mai layin na da damar ficewa ba tare da biyan tara ba. Maimakon su buɗe wa miliyoyin mutane wannan ƙofa, sai suka bar tsofaffin kwantiragi yadda suke, suka jira ranar da mutum zai zo neman sabuwar waya. Shi ya sa mata da miji kan layin kamfani ɗaya za su sauka a otal ɗaya, ɗaya yana biya ɗaya ba ya biya.

Sai kashi na biyu, wanda babu ruwan Brussels a ciki. Da ana shirin fita, gwamnatin Birtaniya ta yi doka a 2019 ta kwafo wasu kariyoyin Tarayyar cikin dokar gida. An mai da iyakar yuro 50 ta zama fam 45 a wata. An ce a aika wa mutum gargaɗi in ya ci kashi 80 cikin 100 na datarsa, a sake aikawa in ya cinye duka. An ce a sanar da shi farashi da zarar ya tsallaka iyaka, a kuma taimaka masa ya kauce wa kama sabis ɗin wata ƙasa bisa kuskure. Duk waɗannan kan kamfanonin Birtaniya suke hawa, ba sa buƙatar yardar kowa a waje. Amma an kwafo dokar har da ranar mutuwarta. Asalin dokar Tarayyar ta 2012 an rubuta cewa za ta ƙare 30 ga Yunin 2022. Da ranar ta matso, Tarayyar ta sabunta tata har zuwa 2032, ta ƙara sauko da sari zuwa yuro 2, da tsanin da zai kai yuro 1 a 2027, ta kuma ƙara cewa kada a ba baƙo sabis mai rauni in akwai irin wanda yake samu a gida. A Landan kuwa aka bar ranar ta zo ta wuce.

Daga 1 ga Yulin 2022, ana tsakiyar lokacin hutu, babu dokar da ta tilasta wa kamfanin Birtaniya ya aika wa matafiyi ko saƙo ɗaya, balle ya yanke data a fam 45. Da yawa sun ci gaba da yi don raɗin kansu, amma abin da aka yi don raɗin kai ana iya barinsa da safe ɗaya, kuma mai layi ba shi da inda zai kafa hujja. Martin Lewis, wanda ya kafa shafin ba da shawara kan kuɗi na MoneySavingExpert, yana cikin waɗanda suka yi ta buga ganga a kan wannan giɓi. Ofcom ta fitar da shawara a Yulin 2023, bayan bincikenta ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu zuwa hutu bai ma san ana iya cajinsa ƙari ba. Ta yanke hukunci a Maris ɗin 2024, sababbin ƙa'idoji suka fara aiki 1 ga Oktoban 2024. Wata 27 ke nan ana tafiya a kan amana.

Ƙa'idojin da suka dawo ma ba su cike gurbin tsofaffin ba. Yanzu dole ne kamfani ya sanar da kai ka fara yawon layi, ya nuna maka inda za ka ga farashi kyauta, da iyakar datar da aka yarje maka, da yadda za ka sa wa kanka iyakar kashe kuɗi. Amma iyakar fam 45 mai hawa kan kowa ba tare da ya nema ba, ba ta dawo a matsayin tilas ba. Abin da ya rage shi ne damar da wata doka ta 2017 ta ba masu kwantiragi tun Oktoban 2018, ta su ce kada takardar kuɗinsu ta wuce kaza. Bambancin ba ƙarami ba ne. A da burki yana kama kansa, sai ka ce a sake. Yanzu sai ka san da shi, ka nemo shi a cikin manhaja, ka taka. Waɗanda suka fi buƙatarsa, tsofaffi da masu tafiyar farko da iyayen da suka miƙa wa yaro waya ya kalli bidiyo a mota, su ne ba za su nema ba.

Akwai kuma mutanen da ake caja kuɗin tafiya alhali suna zaune a ɗakinsu. Igiyar sabis ba ta san iyakar ƙasa ba; waya tana bin ƙarfen da ya fi ƙarfi ne. A Arewacin Ireland, inda iyaka da Jamhuriyar ta kai kusan kilomita 500 tana ratsa gonaki da ƙauyuka, sama da mutum ɗaya cikin biyar sun shaida wa Ofcom wayarsu ta taɓa tsallakawa su ba su tsallaka ba. Manyan kamfanonin sun cire Jamhuriyar Ireland daga cajin yau da kullum, domin ɗora shi a can neman rigimar siyasa ne. A gaɓar Kent ma, kusa da Dover, waya kan kama sabis ɗin Faransa daga tsallaken ruwa. Mafi muni shi ne matafiyin da ya biya kuɗin Turai ya je tsibirin Kofu na Girka, wayarsa ta kama Albaniya, ko ya je Kos ta kama Turkiyya, ko ya hau jirgin ruwa ta kama sabis na tauraron ɗan'adam. A nan farashin ba fam biyu a rana ba ne, lissafin megabait-megabait ake yi.

Hanyar gyara ba a rufe take ba, kuma Birtaniya da kanta ta gwada. Yarjejeniyar cinikin da ta sa wa hannu da Nowe da Iceland da Liechtenstein a Yulin 2021 ta ƙunshi tanadin ƙayyade farashin sari tsakanin kamfanoninta da na Nowe da Iceland. Ita ma Tarayyar ta nuna ba sai ƙasa ta zama mamba ba: ta amince Yukren da Moldoba su shiga tsarin daga 1 ga Janairun 2026. Sharaɗin shi ne su ɗauki dokokin sadarwar Tarayyar su sa a nasu, kuma irin wannan bin doka daga waje shi ne ainihin abin da masu fafutukar ficewa suka ce ba sa so. A halin yanzu matafiya sun koma dabara: sayen layin eSIM (wanda ake saukewa a waya ba tare da kati ba) na ƙasar da za su kafin su tashi, kashe data su jira Wi-Fi na otal su yi kira ta WhatsApp, ko ƙaura zuwa ƙananan kamfanonin da ba su ɗora caji ba.

Mai karatu a Katsina ko Maraɗi ba zai ji wannan labari kamar na wata duniya ba. Tun 2007 kamfanin Celtel, wanda ya zama Zain sannan Airtel, ya shigo da Najeriya da Nijar cikin tsarinsa na layi ɗaya a ƙasashe da yawa, shekara goma kafin Turai ta soke nata cajin. Ya iya ne don ƙarafunan ɓangarorin biyu duk nasa ne. A Disambar 2017 ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira CEDEAO, ta yi tata dokar: matafiyi ya amsa kira kyauta har kwana 30, ya yi kira da farashin ƙasar da ya sauka. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, sai a Yunin 2023 Gana da Kodebuwa suka zama na farko da suka fara aiki da ita tsakaninsu, bayan hukumominsu da kamfanoninsu sun zauna sun daidaita sari. Kafin abin ya game yankin, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa a Janairun 2024, ficewar ta tabbata 29 ga Janairun 2025.

Ƙasashen uku ba su jira ba: a Nuwambar 2024 hukumomin sadarwarsu suka sa hannu a Yamai kan soke kuɗin yawon layi a tsakaninsu. Wannan ya yi wa mai tafiya daga Yamai zuwa Wagadugu ko Bamako rana. Amma zirga-zirgar Bahaushe ta fi yawa a kan iyakar kudu mai tsawon kimanin kilomita 1,500, tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Kwangwalam da Matamaye, kuma Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Yamai, Nijar kuma ta fita daga inuwar dokar ECOWAS. A waɗannan garuruwa ɗan kasuwa ya daɗe da yanke wa kansa hukunci: waya mai layi biyu, ɗaya na Najeriya ɗaya na Nijar, in mota ta wuce shingen ƙarshe ya ciro ta daga aljihu ya sauya.